AMSAR WASIƘUNKU: Za A Kai Yayana Gidan Masu Cutar Mantuwa A Amurka, In Yarda?

Kamar yadda muka saba, ga ɗaya daga cikin wasiƙun da muka amsa a gidan rediyo, mun buga ta domin waɗanda suna gona ko kasuwa lokacin da aka yi shirin. Wanda ya aiko ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya.

TAMBAYA: Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar dabbobi a Maigatari. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tafi Amurka karatu tun ina yaro. Ya zauna a birnin Niyok yana tuƙin tasi, ya yi aure can ya hayayyafa. Yanzu ya haura shekara 70, matarsa kuma ta rasu. 'Yarsa ta fari ta bugo mini waya tana kuka, ta ce mantuwa ta kama shi, sau biyu yana fita cikin dare 'yan sanda suna dawo da shi. Ya kuma daina Turanci sai Hausa, wadda su yaran ba su ji sosai. Ta ce, "Baffa, muna so mu kai shi gidan da ake kula da masu irin wannan ciwo, amma sai da yardarka." 'Yan'uwa a nan sun ce wulaƙanci ne, a dawo da shi gida kawai. Wasu ma suna cewa sammu ne. Wane irin gida ne wannan? In yarda ko kada in yarda?

AMSA: To, Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya ba Yaya sauƙi. Kafin komai ka sa wa yarinyar nan albarka. A ƙasar da take zaune babu dokar da ta ce sai ta nemi izinin baffanta, amma ta nema. Wadda ke son ta yar da ubanta ba ta bugo waya Maigatari tana kuka.

Mu fara da ciwon kansa, don in ba a san ciwo ba, ba a san inda za a kwantar da mai shi ba. Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewar tsufa, likitoci sun ce ba tsufa ne kawai ba, ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Ai kowa ya san tsoho mai shekara 90 da zai lissafa maka bashin da ake bin kakanka. Ciwon iri-iri ne, amma wanda ya fi yawa shi ne wanda ake kira da sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda ya yi bayaninsa a shekarar 1906 bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan iri shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu cutar mantuwa. Wani irin kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke kawo shi, idan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka toshe. Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke fama da cutar a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Ke nan ba ciwon Turawa ba ne. Tun 1992 likitocin Badun da na wata jami'a a birnin Indiyanafolis na Amurka suka fara bin tsofaffin garuruwan biyu, suka tarar akwai ciwon a Badun, ko da yake bai kai na can yawa ba. Maganar sammu kuwa, Alhaji, tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan da kansa ya sanar a 1994 cewa ciwon ya kama shi, ya yi shekara goma yana fama har ya mutu a 2004, ga likitoci ga dukiya. Har yau babu maganin da ke warkar da shi. Akwai dai masu rage masa gudu na ɗan lokaci. Duk wanda ya ce ka kawo rago zai warkar da Yaya, ragonka yake so.

Abu na farko da za ka tambayi 'yarka: likita ya duba shi sosai kuwa? Ina faɗar haka ne domin akwai larurorin da ke kama da cutar mantuwa alhali suna jin magani, kamar ƙarancin wasu sinadarai a jini, da ciwon mafitsara, da haɗa magunguna barkatai, da baƙin cikin da ke danne mutum bayan mutuwar abokin zama. Ka ce matarsa ta rasu, to wannan ma abin dubawa ne.

Batun daina Turanci, kada ya ba ka mamaki. Ka ɗauki ƙwaƙwalwa kamar rumbu ne da ake ɗiba daga sama. Damin da aka sa daga ƙarshe shi ke fara tafiya, na ƙasa shi ke daɗewa. Turanci daga baya ya shiga, Hausa kuwa da nono ya sha ta. Shi ya sa zai manta ya ci abinci ɗazu, amma ya tuna sunan jakin babanku. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta, domin ita ce ta sa shawararka ta zama da amfani.

Yanzu sai gidajen. Ba gidan mahaukata ba ne, ba kuma gidan gajiyayyu irin wanda muka sani ba. Iri biyu ne a Amurka. Na farko kamar masauki yake, kowa da ɗakinsa ko mutum biyu a ɗaki, ana dafa musu abinci, a yi musu wanka, a ba su magani a kan lokaci. Ƙofar waje a kulle take sai da lamba, amma a ciki akwai fili ko lambu da mutum zai yi ta zagayawa ba tare da ya ɓata ba. Gwamnatin jiha ke ba irin wannan lasisi. Na biyu gidan jinya ne, ya fi kusa da asibiti, nas-nas ba dare ba rana, kuma shi ne na wanda jikinsa ya yi rauni sosai. Gwamnatin tarayya tana auna gidajen jinya tana ba su tauraro daga 1 zuwa 5, kowa na iya dubawa a intanet. Dalilin kulle ƙofa kuwa shi ne abin da ya sami Yaya. Ƙungiyar masu yaƙi da cutar a Amurka ta ce mutum shida cikin goma masu ciwon sukan fita su ɓace. A Niyok, in hunturu ya kama ana zubar dusar ƙanƙara, tsohon da ya fita da rigar barci ƙarfe biyu na dare yana iya mutuwa kafin gari ya waye. 'Yarka kuma dole ta fita aiki, maƙwabcinta bai ma san sunanta ba. Ba irin zamanmu ba ne da yaron maƙwabta zai gan shi a bakin kasuwa ya riƙo hannunsa.

To yaya ake zaɓe? A nan, Alhaji, sana'arka za ta yi maka amfani. Ba ka taɓa sayen sa don dillali ya rantse ba. Sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙori, ka sa a kora shi ka ga tafiya. A Amurka ma akwai dillalan waɗannan gidaje, za su ce wa 'yarka kyauta suke nema mata wuri, alhali gidan da suka kai ta shi ke biyansu la'ada. Ba haramun ba ne, amma ta san da haka. Ba a cinikin biri a sama. Ta je da ƙafarta, ba sau ɗaya ba. Zuwan farko za a tare ta da fara'a a nuna mata ɗakin baƙi mai furanni. Ta koma ranar Lahadi, ta koma lokacin cin abinci, ta kuma koma da yamma liƙis ba tare da ta ce tana zuwa ba.

In ta shiga, hancinta ya fara aiki kafin idonta. Zarnin fitsari da ya kama ko'ina alama ce ba a canza wa mutane kaya da wuri. Sannan ta bar kallon gini ta kalli tsofaffin da ke ciki. An yanke musu farce? An taje musu kai? Suna motsi suna hira, ko kuwa an jera su gaban talabijin kowa ya langaɓar da kai yana gyangyaɗi da rana tsaka? Wannan na ƙarshe abin tsoro ne, domin wasu gidajen da ba su da isassun ma'aikata sukan ɗura wa mutane maganin kwantar da hankali don su huta da su. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa wasu magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa. Akwai kuma dokar 1987 da ta hana gidajen jinya ɗaure mutum ko sa shi barci da magani don kawai sauƙin ma'aikata. Ta tambaya kai tsaye: idan ya tayar da rigima, me kuke yi kafin ku kai ga magani?

Ta tambayi ma'aikaci nawa ke kwana da dare, da mutum nawa kowannensu ke dubawa. Kada ta tambayi manaja kaɗai. Ta tsayar da mai yi musu wanka ta ce, shekararki nawa a nan? In kowa ya ce wata biyu, wata uku, to wurin ba ya riƙe ma'aikata, mai cutar mantuwa kuwa ba abin da ke firgita shi kamar baƙuwar fuska kullum. Haka kuma ta nemi rahoton binciken da ma'aikatar lafiya ta jiha ta yi a gidan, ba a ɓoye shi. Kowace jiha tana da jami'in da aikinsa shi ne sauraron koken mazauna irin waɗannan gidaje, kyauta, shi ma ta neme shi.

Akwai wata tambaya da ni a ganina ta fi duk waɗannan, kuma daga gidanmu na koyo ta. Kakata ta wajen uwa ta yi wannan ciwo ina makarantar horon malamai. Da safe lafiya lau. Da la'asar ta yi sanyi sai ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta ce za ta gidan babanta, ana jiranta. Mutanen gida suka ce aljanun magariba ne. Ashe sananniyar alama ce ta ciwon, ruɗewa takan ƙaru da faɗuwar rana. Mu kuma da rashin sani sai mu ce, "Iya, ai babanki ya rasu tun kafin a haife mu." Sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka yi mata rasuwar, gobe kuma a sake. Wata ƙanwar mahaifiyata ce ta gano dabara. Takan ce, "To Iya, bari a gama tuwo mu tafi tare, taya ni tsince wake." Kafin a gama tsintar wake ta manta da tafiya. Har yau in na tuna sau nawa muka kashe mata uba, sai jikina ya yi sanyi. Don haka 'yarka ta tambayi ma'aikatan: in babana ya ce zai tafi gida, me za ku ce masa? Wanda ya ce zai fahimtar da shi cewa nan ne gidansa yanzu, bai san aikin ba. Wanda ya ce zai tambaye shi labarin gidan, su ɗan taka tare, ya ba shi shayi, to wannan ya sani.

Mu dawo kan Hausa. Mutumin da ke cewa "ƙishirwa nake ji" ko "marata ke ciwo" ba mai gane shi, dole ya yi faɗa, in ya yi faɗa kuma a rubuta cewa mai rigima ne a ƙara masa magani. Sa'ar da aka yi, a Niyok, musamman unguwar Bronx, akwai mutanen Afirka ta Yamma da yawa, cikinsu har da masu jin Hausa daga Gana da Nijar da Nijeriya, da masallatansu, kuma baƙi 'yan Afirka da dama suna aikin kula da tsofaffi. Gidan da ke da ma'aikaci ko da ɗaya mai jin Hausa, kuma yake kusa da inda 'ya'yansa da abokansa na masallaci za su riƙa leƙa shi, ya fi gida mai kyan gini da ke tafiyar awa biyu. Ma'aikata ma mutane ne, sun fi kula da wanda suka san kullum ana zuwa duba shi. Ta yi maganar abinci, kada a ba shi naman alade, kuma a rubuta a takarda, ba da baki ba. Ta nemi namiji ya riƙa yi masa wanka in da hali, don dattijo irin Yaya zai iya kai wa mace duka saboda kunya, ba don mugunta ba. Salla kuwa, malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi. Amma sau da yawa mai wannan ciwo yakan manta sunan ɗansa bai manta alwala da karatun da ya haddace yana yaro ba, kuma suna kwantar masa da hankali. A bar masa dardumarsa da carbinsa, a nuna wa ma'aikata alƙibla.

Sai kuɗi, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. A yawancin wurare kuɗin wata ya haura dala 5,000, a babban birni irin Niyok kuwa yakan fi haka nesa. Inshorar gwamnati ta tsofaffi, wato Medicare, tana biyan likita da asibiti, amma ba ta biyan kuɗin zama na dindindin a irin wannan gida. Medicaid, wadda ake yi wa marasa ƙarfi, tana biyan gidan jinya ga wanda ya cancanta, sai dai gidaje da yawa irin na farko ba su karɓarta. Saboda haka kafin ta sa hannu ta tambaya: in kuɗinmu ya ƙare, za ku sallame shi? In jikinsa ya ƙara tsanani, kuɗin zai ƙaru da nawa? Wane hali ne zai sa ku ce mu ɗauke shi? Ta kai wa lauyan da ya san harkar tsofaffi takardar ya karanta. Ta kuma bincika ko ba a kai ga gidan ba tukuna, domin akwai wuraren da ake kai tsoho da safe a ɗauko shi da yamma, kuma a jihar Niyok Medicaid takan biya mai zuwa gida ya kula da mara lafiya.

To, maganar 'yan'uwa ta a dawo da shi gida fa? Ban raina ta ba. A gida zai ji kiran salla, ya ci tuwo, ya zauna a zaure cikin masu jin maganarsa, kuma kaɗan daga abin da za a kashe can zai ɗauki mutum biyu aiki a nan. In ciwon bai yi nisa ba, kuma shi da bakinsa ya sha cewa a gida yake so ya ƙare, wannan magana ce mai nauyi. A tambaye shi da safe lokacin da kansa ke sake, don har yanzu yana da ra'ayi. Amma ka tara masu cewa a dawo da shi, ka ce kowa ya faɗi daren da zai kwana da shi. Za ka ji shiru. Aikin nan, da wankin kashi da fitsari da hana barci, shekaru ake yi ana yinsa, kuma a ƙarshe kan mace ɗaya yake faɗawa, ko maiɗakinka ko matar ɗanka. An tambaye ta? Bugu da ƙari, gidan da Yaya ke nema a ransa shi ne na shekara 50 da suka wuce, mai iyayenku a ciki. Ko ka kawo shi ɗakin da aka haife shi, da la'asar zai ce zai tafi gida. Ga rijiyoyi a buɗe, ga zafin bazara ga wanda ya saba da sanyi, ga Maigatari a bakin iyaka, in ya bi ayarin dabbobi sai dai a neme shi a Nijar. Medicare ba ta biyan magani a wajen Amurka, likitan ƙwaƙwalwa kuma ƙila sai an zo Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Dawanau. Tafiyar kanta ta fi awa 10 a jirgi kafin a sauka Ikko, sai likitansa ya ce zai iya. Sannan ka raba shi ke nan da 'ya'yansa, waɗanda fuskokinsu ne ya fi sabawa da su.

Tun da ka tambaye ni, ga abin da na gani. Mutumin da 'yan sanda suka tsinto sau biyu cikin dare, wanda ba mai kwana da shi ido biyu, barinsa haka shi ne wulaƙancin. Ka ba ta yardarka, bisa sharaɗin likita ya tabbatar da ciwon, ta duba gida uku ko huɗu yadda muka faɗa, ta kuma zagaya da kai ta wayar bidiyo ka gani da idonka kafin a biya ko sisi.

Kai ma akwai naka aikin. Ka ɗauki murya a waya ka aika mata kalmomin da zai fi bukata, irin su ruwa, yunwa, bayi, ciwo, sanyi, salla, ta rubuta su da fassararsu ta manna a bangon ɗakinsa. Ka aika da hotunan gida da na iyayenku in akwai, da sunayen da yake yawan kira don a san su wane ne. Agogonmu yana gaban na Niyok da awa 5, in hunturunsu ya shiga ya koma 6. Wato ƙarfe huɗu na yammarsu, lokacin da hankalinsa ke fara tashi, ƙarfe tara ne ko goma na dare a wurinka, ka dawo daga kasuwa ka ci abinci. Ka sa su riƙa haɗa ku a wannan lokaci. Kada ka ce masa "Yaya, ka gane ni?" don jarrabawa ce da zai faɗi ya ji kunya. Ka ce, "Yaya, ni ne ƙanenka, yau shanu sun yi tsada a Maigatari," ka bar shi ya ɗauko zancen daga inda ya ga dama. In ya tambayi Inna, ka ce ya ba ka labarinta.

Muna jiran wasiƙarka ta gaba, Alhaji, mu ji yadda aka ƙare. Ka gai da mutanen kara.